Muryar Mama a Tsohon Kaset

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Ka san aikin da aka ba ni a gidan rediyo, na juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta kafin su lalace. Duk ɗokina in ci karo da muryar marigayi Baba yana karanta labarai, tunda nan ya yi aiki.

Jiya na zaro wani kaset na shirin waƙoƙi daga ƙasan kwali, na saka. Wata mace ta fara rera waƙa, jita na bin ta a hankali. Yaya, Mama ce. Mamarmu da ke kashe rediyo da zarar an sako kiɗa. Mai gabatarwa yana kiranta Kanari. Na yi ta maimaitawa har abokiyar aikina ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah, duk muna lafiya. Murya tana kama da murya. Tun kina ƙarama haka kike, kowace inuwa a wurinki aljani ce. Matar da ko wanki take yi ba ka jin ɗuriyarta, ita ce za ta tsaya gaban makirufo? Kada ki kuskura ki kai mata wannan shirme, kin san hawan jininta.

Allah Ya yi miki albarka.
Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Da ma shirme ne, da na fi kowa murna. Na juya ɗaya gefen kaset ɗin, sai ga muryar Baba. Ban gama murmushi ba na ji abin da yake karantawa. Motar wasu mawaƙa ta kife a hanyarsu ta dawowa daga wasa. Mai jita ya rasu nan take. Matarsa, Kanari, ta tsira tare da jaririnsu namiji da ke goye. Baba ya faɗi sunanta na yanka har da na Kaka, muryarsa ko rawa ba ta yi, da alama bai ma san ta ba a lokacin.

Na duba shekarar da ke jikin kaset ɗin. Shekarar haihuwarka ce.

Ban faɗa wa kowa ba. 

Auta

Auta,

Salam. Na je gida. Na tarar da Mama tana ninke kaya a ɗaki, na tsaya bakin ƙofa na ce, "Kanari." Ta zauna a gefen gado da riga a hannunta.

Ta ce Baba ya zo asibiti washegarin hatsarin don neman ƙarin bayani, ya tarar ina ta tsala kuka, ita kuma hannunta a karye. Ya ajiye rikodarsa ya ɗauke ni. Ta ce, "Daga ranar bai ƙara ajiye ka ba."

Baba ubana ne, wannan babu kaset ɗin da zai canza shi. Amma ki duba mini ko akwai wurin da Mama ta yi shiru, jitar tana tafiya ita kaɗai. Ki turo mini. Ina so in ji hannun mutumin da ya haife ni.

Yayanki