Dalilin Da Ya Sa Na Ƙi Sa Hannu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan ƙalau muke. Inna ta warware har ta koma yi wa kowa faɗa. Auta kuma ta fara koyon tuƙi, ƙofar gida ce ta fara shaidawa.

Jiya an ɗauke ni daga shugabancin sashen ba da rance, an mai da ni wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, ni da karyayyun kujeru da fanka mai kuka. Ba a kore ni ba tukuna. Gara ka ji daga bakina kafin Kawu ya kira ka.

Ka san a da bankinmu ne kaɗai a titin kasuwa. Yanzu wasu uku sun buɗe, ɗaya ma ƙofarsa na kallon tamu, da allo mai alkawarin rance cikin yini ɗaya. Gasa ba laifi ba ce, ita ta sa muka daina shanya tsofaffi a layi. Amma Manaja ya firgita, ya soke ƙa'idarmu ta zuwa ganin shagon mai neman rance da ido, wai tana cin lokaci. Ni ban daina ba. Makon jiya na je ɗakin ajiyar wani babban dillalin kayan lantarki da ke neman rance. Kwalaye har rufi, gwanin sha'awa. Na jingina da layin baya don in gyara takalmi, sai ga su sun zubo a kaina, ko zafi ban ji ba. Iska ce a ciki. Na ƙi sa hannu a takardar rancensa.

Na kai maganar gaban kwamitin da ke sa ido kan Manaja. A nan gizo ke saƙar: shugaban kwamitin surukinsa ne, sauran kuma, har da Kawu, surukin ne ya kawo su. Kawu ya zo gida ya ce kada in zubar masa da mutunci, shi ya nemo mini aikin, kuma in muka tsaya dube-dube maƙwabta za su kwashe mutanenmu. Na ce masa, cikin ladabi, abin da za a bayar ba na Manaja ba ne, ajiyar teloli da direbobi ce, har da ta Inna. In mai sa ido yana jin nauyin wanda aka ce ya sa wa ido, ba sai maƙwabci ya kayar da banki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ka roƙi kowa a kaina, Yaya. Na rubuta wa masu binciken bankuna abin da na gani, da sunana a ƙasa. In aikin ya tafi, ya tafi. Hannuna dai ba zai hau takardar nan ba.

Ka gai da Anti da yara, da Gwaggo in ka leƙa ta. Inna da Auta suna gaishe ka.

Ƙanwarka.

Na manta: an ce wa mai gadi ya keɓe wa baƙi wurin ajiye mota ranar Litinin. Ana cewa masu binciken ne. Har yanzu ba a sanar da mu a rubuce ba.