Robar Banɗakin Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ɗawainiyar jaririya? Mu ma lafiya lau, sai godiya.

Jikin Baba da sauƙi. Kumburin ƙugun ya sauka, yana takawa da sanda. Amma likita ya ja mini kunne cewa in ya sake zamewa, karaya ce. Kin san tayil ɗin banɗakinmu, ruwa kaɗan ya zuba sai ya koma kamar an shafa mai. Shi ya sa na rufe keken ɗinki, na ce zan shimfiɗa roba tun daga ƙofar ɗakinsa har banɗakin, haɗe da matakala biyun tsakar gida.

Da tsofaffin tayoyi na fara. Mai facin bakin titinmu ya ba ni huɗu, yana dariya wai tela ta koma bakanike. Gefen taya na yankuwa in ana tsoma wuƙa a ruwan sabulu, amma tsakiyar duk waya ce. Ta dakushe mini wuƙa biyu, ta tsaga mini babban yatsa. Abin da na samu kuma ya ƙi kwanciya. Na shanya shi a rana, na danne da bulo, ina ɗagewa ya sake lanƙwashewa.

To shekaranjiya sai ga Baban yara da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce yana kan tifarsa, da naɗin baƙar roba a kafaɗa, yana haki. Ta ƙofar baya ya shigo, Yaya. Ya ce tsohon bel ne na injin da ke jan tsakuwa a kamfaninsu, an cire an yar, shugaban direbobi ya ce ya ɗauka. Faɗinta ya kusa mita, kaurinta kamar ɗan yatsa. Na yi murna har da shewa.

Da na warware ta sai murnar ta ragu. Bel ɗin da ya shekara yana jan dutse ai da tabo a jikinsa. Wannan sumul take, ƙamshin sabunta na tashi. A gefe ɗaya kuma akwai wurin da aka kankare wani rubutu mai ruwan ɗorawa da abu mai kaifi. Na nuna masa, ya ce ni dai na cika bin diddigi, in yanka yau yau in huta. Mutumin da kan yi wata guda bai canza ƙwan fitila ba, yau shi ke gaggawa.

Na dai naɗe ta na ajiye, ban yanka ba tukuna. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na samu amsarki. Kin ce kada in zargi mijina a kan kankararren fenti. Na ji maganarki, na yanka.

Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na fitar da siffar banɗakin a kwali kamar yadda nake fitar da riga, na zana a kan robar da alli. Wannan ba waya a cikinta, zare ne. In aka ja wuƙa sau huɗu a layi ɗaya, aka lanƙwasa, sai ta buɗe da kanta. Na zagaye kusurwoyin don kada su kama ƙafa, na huda ramuka da guntun bututu da guduma saboda ruwa ya wuce, na goge bakin da dutse. Ta matakala kuma na kafe ta da ƙusa. Baba ya taka ya taka, ya sa mini albarka har na ji kunya.

Amma ki ji abin da ya biyo baya. Guntayen da suka rage, na tara su zan yi wa ƙafafun kujeru, sai Baban yara ya kwashe su tas a buhu ya fita da su. Na tambaya, ya ce shara ce. Yanzu in wayarsa ta yi ƙara, sai ya duba sunan, ya fita ƙofar gida.

Jiya matar mai kula da sito na kamfaninsu ta kawo mini ɗinki. Ba ta ko shiga ɗaki ba, ta zauna a kan matakala, hawaye na zuba. Ta ce an dakatar da mijinta, wai sabon naɗin bel ya ɓata daga sito, kuma makullin a hannunsa yake. Shekara ashirin da biyu yana wurin, ko ƙusa ba a taɓa nema an rasa ba. Yanzu ana maganar kai shi wajen ƴan sanda. Yaya, tana faɗa mini wannan tana zaune a kan robar, tana shafa ta da hannu, har ta ce Allah ya yi mini baiwar hannu. Na karɓi ɗinkin, na raka ta ƙofa.

Ni na yanka ta da hannuna. Kuma mutumin nan shekara goma sha huɗu muna tare. Ki taya ni da addu'a, zan tambaye shi gobe.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da fatan zazzaɓin jaririya ya sauka.

Na tambaye shi bayan ya karya. Da farko ya ɗaga murya, wai na mayar da shi ɓarawo a gidansa. Na dai faɗa masa inda matar nan ta zauna. Sai ya riƙe kai. Ya ce shugaban direbobin ne ya yanko ya ba shi, ya kuma ba wasu direbobi uku, sauran naɗin ya loda a motarsa. Sai daga baya ya gane an raba musu ne don a rufe musu baki. Shi ke ta kiransa a waya, yana tuna masa cewa duk wanda ya yi magana, a gidansa za a fara samun robar.

Ashe Baba na jinmu daga ɗakinsa. Bai yi wa surukinsa faɗa ba. Ya dai ce a ɗaga ta, shi ba zai yi alwala a kanta ba, gara a riƙa kama shi ana kai shi.

Muka ciccire ƙusoshin, muka naɗe ta guntu guntu. Baban yara ya ce zai kai wa manaja da kansa. Yaya, ban yarda da shi ba. Na sa mayafi na bi shi daga nesa, ina tsoron ya jefa ta a kwata. Sau biyu yana sauke kayan ya tsaya, ni ma in tsaya a bayan wata mota. Sai da na ga ya shige ƙofar kamfanin na juyo.

An mayar da mai sito bakin aikinsa. Shugaban direbobin yana hannun hukuma. Baban yara kuma an dakatar da shi wata guda, ba mu san abin da zai biyo baya ba. Shi ke kai Baba banɗaki yanzu, kafin in samo wata robar.

Har yau ban sani ba ko ya san gaskiyar tun ranar farko, kuma na kasa tambaya. Da ya dawo da yammacin ranar da ya kai robar, kafaɗarsa ta saluɓe. Ina shafa masa magani, bai juyo ba, ya ce a hankali: "Na gan ki a bayan motar nan. Da kin matso kin kama mini, nauyi gare ta."

Ki gaida yaran.

Ƙanwarki,
Auta