Ɗakin da Baba bai gama yaɓewa ba a Narayi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan gidanmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don maganar tana da tsawo kuma ban taɓa zama na faɗa wa kowa ita daga farko ba.

Ni mace ce, ina da aure da yara, ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Maganar a kan gidan mahaifina ce. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a Makera muka tashi cikin gidan haya. Yana da amini guda da muke kira Baba Danladi, Kirista ne daga kudancin Kaduna, a kan inji ɗaya suka yi shekaru suna aiki, har ta kai in an ga ɗaya sai a tambayi ina ɗayan. Shekarar da soja suka miƙa mulki aka rage ma'aikata, su biyun duk abin ya shafe su. Da ɗan abin da aka sallame su da shi suka sayi filaye biyu a jere a Narayi, lokacin wajen duk gonaki ne da ciyawa. Da hannunsu suka buga tubali, suka ɗaga gini, suka samu tsohon kwano suka rufa. Da aka zo filasta sai abu ya tsaya, siminti ya fi ƙarfinsu.

Baba mutum ne mai ƙirƙire-ƙirƙire, ba ya ganin abu a yashe ya wuce shi. A lokacin an gama zaɓe, garin nan ko'ina fosta ce, jikin gada, jikin katanga, cikin kwata, iska na ta yawo da fuskokin 'yan takara. Wata rana ya dawo da buhu cike da su, Umma ta ce Malam yau kuma me za mu gani, ya ce mata, "Sun yi alkawarin za su gina mana ƙasa, to bari su fara da ɗakina." Haka suka dinga bi da baro suna kwasowa, fosta, tsoffin jaridu, kwalayen shago. Kafin a jiƙa sai an zauna an tsince, duk takardar da ke da aya ko sunan Allah Baba zai ware ta gefe, Baba Danladi ma in ya ga ta coci ya ware. Sauran a yayyaga a zuba a duro da ruwa da ganyen dogon yaro saboda gara, a bar shi ya ruɓe. In ya yi laushi Umma da matar Baba Danladi su kirɓa a turmi kamar fura, sai a kwaɓa da jar ƙasa da yashi da ruwan rogo da ɗan siminti kaɗan. Ba su da cokalin magini, da tafin hannu suke yaɓawa, su bi da guntun katako su lailaye. Warin abin nan ba ya kama da komai, wani tsami-tsami ne da ƙanshin ƙasa, yana kama tufafi ya kwana.

Mutane sun yi musu dariya, har a masallaci ana tsokanar Baba ana ce masa mai gidan jarida. Amma da ya bushe aka shafa farar ƙasa sai ga bango sumul, da rana tsaka ka shiga ɗakin kamar ka shiga randa don sanyi. Gidan Baba Danladi suka fara gamawa saboda matarsa na da tsohon ciki, sannan suka dawo namu. Muka tare saura ɗaki ɗaya ba a yaɓe ba, wanda Baba ya ce na Umma ne, mai taga ta gabas, ya ce shi zai yi a ƙarshe a tsanake don ya fi kowanne kyau.

Ba mu daɗe da tarewa ba, Baba ya ci rabin yaɓen ɗakin, rikici ya tashi a garin nan. Waɗanda suke Kaduna a lokacin ba sai na yi muku bayani ba, kuma ba na son a mai da maganata ta addini a wajen sharhi, don Allah. Baba Danladi ne ya ɓoye mu a ɗakinsa, shi ya nemo motar da ta kai mu bakin gadar kogin da ya raba garin biyu, muka tsallaka zuwa wajen kawunmu a Tudun Wada. Da ƙura ta ɗan lafa Baba ya ce zai je ya duba gida, ya ɗauko wa Umma keken ɗinkinta, kuma ya bar kwaɓi a duro zai lalace. Umma ta roƙe shi, Kawu ya hana shi, amma Baba ya ce yanzu zai dawo kafin azahar. Da hantsi ya fita, sanye da shuɗiyar riga. Ba mu sake ganinsa ba. An duba asibitoci, an je wajen 'yan sanda, an bi duk inda aka ce an kai mutane, babu shi a masu rai babu shi a gawa.

Umma ba ta yi takaba ba. Da shekaru suka ja malamai sun zo sun yi mata bayanin hukuncin matar da mijinta ya ɓata, ta saurare su da ladabi, ta ba su ruwa, ta ce ta ji. Ba ta yi ba, ba ta sake aure ba, kuma tun ranar ba ta ƙara tsallaka gadar nan ba, ko biki ne ko rasuwa. Mu ma haka muka tashi, Narayi ta zama sunan da ba a ambata a gida. Yanzu tana zaune a wajen yayana, Yaya Nura.

To watan jiya sai ga kira da baƙuwar lamba. Muryar tsoho ce tana rawa, ya ce, "Ko ina magana da 'yar Garba?" Na daɗe ban ji an kira sunan Baba haka kai tsaye ba. Baba Danladi ne. Ya ce ba shi da lafiya, 'ya'yansa za su mai da shi ƙauye gaba ɗaya, yana so ya damƙa mana amanarmu tun yana iya tsayawa da ƙafarsa.

Maigidana ya bar ni na je. Ban gane unguwar ba, benaye ne da shaguna ko'ina, sai ga gidajen nan biyu a tsakiya, gajeru, farare, kamar tsofaffi biyu da aka manta a kan benci. Ashe duk shekarun nan kafin damina Baba Danladi yana jiƙa takarda ya bi inda ya tsage ya toshe, nasa da namu. Ɗan ƙaninsa ya sa a gidan namu don kada a ce kango ne a shige. Amma ɗakin Umma a kulle yake, ya ce ba wanda ya taɓa kwana a ciki.

Kafin ya buɗe ya tsaya da makulli a hannu ya ba ni labarin ranar. Ya ce ya tarar da Baba a ɗakin ya naɗe hannun riga yana yaɓe, ya ce masa Garba abeg ka bar wannan ka koma, gari bai zauna ba. Baba ya yi dariya ya ce abin da ke cikin kwanon nan kawai zai ƙarasa. Sai shi ya fita nemo mai babur da ya yarda da shi wanda zai kai Baba bakin gada. Da ya dawo ƙofa a buɗe, bango a jiƙe, hular Baba a rataye a ƙusa, babu Baba. Ya ce, "'Yata, na tambayi kowa a layin nan, na tambaya har na gaji. Ba ranar da ba na cewa me ya sa na fita."

Ya buɗe muka shiga. Bango uku an gama, na huɗun an yi rabi. Inda aka tsaya ba a bi da katako ba, don haka shatin yatsun Baba na nan, layi-layi, sun tafi sama kamar zai ɗebo wani ya ci gaba, sai kawai tubali tsirara. Saboda ba a shafa farar ƙasa ba ana ganin guntayen takardun da turmi bai cinye ba, rabin kalma nan, harafi can, a wani wuri ido guda na wani ɗan takara yana kallon mutum. Hular tana nan a ƙusarta, ƙura ta mai da ita kalar bangon. Na ɗora hannuna a kan shatin nasa. Wallahi 'yan uwa rana ce tsaka, ana ta hayaniyar masu keke a waje, amma bangon da sanyi kamar yanzu aka yaɓa, warin nan ya taso min, kuma na ji gyaran murya a bayana, irin wanda Baba ke yi in zai shigo gida. Na juya, Baba Danladi na can bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Na ce masa Baba Danladi kai ne ka yi tari? Ya ce a'a. Bai tambaye ni me na ji ba. Ya ce shi ya sa ya daina shiga shi kaɗai.

Tun ranar ban dawo daidai ba. Ina cikin aji yara za su yaga takarda sai gabana ya faɗi. In maƙwabta na daka sai na ji kamar a ƙirjina ake yi. Na wanke kayan da na sa ranar har na gaji, warin bai bar hancina ba. Maigidana ya ce tunani ne, na riƙe azkar, kuma ina yi.

Abin da Baba Danladi ya roƙa shi ne wani daga jinin Baba ya zo ya ƙarasa bangon, shi zai zauna a kujera ya nuna yadda ake kwaɓin. Ya ce sau da yawa ya ɗebo zai yaɓa sai hannunsa ya ƙi, yana ganin ba huruminsa ba ne. Kuma kwanon saman wajen ya fara yoyo, gefen da ba a rufe ba yana shan ruwa, ya ce in damina ta bana ta same shi haka bangon zai zube.

Da na kai wa Yaya Nura maganar sai muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Shi a ganinsa a sayar, ya ma samu dillali da mai saye, wanda zai rushe ya yi shaguna. Ya ce ba ɗayanmu da zai koma can da zama, ya ce riƙe bango ba zai dawo da kowa ba, abin da Baba ke buƙata addu'a ce da sadaka, kuma in aka sayar sai a yi masa sadaka mai gudana. Ya ce ni na je na shaƙi tsohon ɗaki na dawo ina neman tayar wa Umma da ciwo. Ni kuma na faɗa masa maganganu masu zafi, har da cewa bare ya fi shi sanin darajar ubansa. Ban kyauta ba, amma shi ma ya san ba a sayar da gidan sai kotu ta tabbatar Baba ya rasu, kuma sai Umma ta je ta tsaya ta amsa da bakinta. Yau mako na biyu ba ma gaisawa sai a gaban Umma.

Ashe tana jin mu. Shekaranjiya bayan la'asar ta kira ni ɗakinta ta ce na rufe ƙofa. Ta tambaye ni ɗakin, na faɗa mata komai, ban ɓoye ko gyaran muryar ba. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ai haka yake yi." Sai ta ce na jawo buhunan da ke bayan gadonta, waɗanda duk muka ɗauka tsoffin zannuwa ne. Na kwance ɗaya. Takardu ne, jaridun da ake ƙunso ƙosai, tsoffin kalanda, littattafan jikokinta da suka cike, duk an yayyaga su ƙanana daidai jiƙawa, an tsince babu mai aya ko ɗaya. Ta ce ranar da zai fita ya ce mata takardar da ta rage ba za ta isa ɗakin ba, ta dinga ajiye masa.

Na ce Umma to ki ba ni na kai, na ƙarasa miki ɗakinki. Ta dubi buhun ta ce, "Ban hana ki ba. Amma ki sani, ranar da kika rufe bangon nan, washegari zan shiga takaba."

'Yan uwa a nan na tsaya. In na ƙarasa, ni da hannuna zan shafe shatin yatsun Baba, kuma ni zan sa uwata ta yarda da abin da ta ƙi yarda da shi tun ina yarinya, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba a shekarunta. In na bi Yaya Nura, sai an kai ta gaban alƙali, sannan a rushe komai. In na yi shiru ruwa zai yanke mana hukunci, Baba Danladi kuma ya tafi ƙauye da nauyin a ransa. 'Ya'yansa sun ce ƙarshen wata za su zo da mota, hadari kuma ya fara haɗuwa.

Masu ilimi ku faɗa min matsayin abin da na ji a ɗakin nan. Waɗanda suka taɓa rasa wani ba su ga gawarsa ba, ku ne na fi son ji daga gare ku. Maganar da Umma ta yi, izini ta ba ni ko roƙona take kada na je? Ku da kuka karanta, in ku ne, za ku ɗauki buhunan nan ku tsallaka gada?