Fitilun kamiyon Baba

Diffa, daren Alhamis, Janairu 1998

Yau Baba ya wuni yana ƙara wa kamiyonmu fitilu biyu. Da hannunsa ya jawo waya daga batir, ya naɗe ta da roba. Wai tsofaffin sun dusashe, shi ya sa jiya ya kusa kifewa da lodin tattasai a hanyar Tumur.

Da magariba ya kunna, haske ya cika unguwa.

Ya ce, "Har yanzu da saura, ko Musa?"

Gabana ya faɗi. Ashe ba fitilun ba ne, idanunsa ne.

Na ce, "Da saura, Baba. Amma gobe bar mini sitiyari, ina son in koyi hanyar."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya miƙo mini makulli.