Ƙararrawar Baba da Sale Ya Sayar

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Bronx lafiya lau, sai sanyi.

Ran Asabar na raka Ummi gidan tarihi, an ba su aikin makaranta. Muka tarar da wani kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal, cikin na farko da Amurkawa suka ƙera da kansu maimakon sayowa daga Ingila. An goge shi yana ta ƙyalli, an kewaye shi da igiya. Ummi ta nuna ƙararrawarsa ta ce, "Mama, ba kin ce Kaka ma yana da irinta ba? Tana ina?"

Ta yaya zan gaya mata ƙararrawar da aka ba Baba bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zuba kwal, Sale ɗan Kawu ya auna wa 'yan gwangwan tun ba a yi sadakar bakwai ba?

Yanzu kuma na ji yana neman shugabancin ƙungiyar 'ya'yan ma'aikatan reluwe, wai shi zai adana kayan tarihi. Yaya, ranar zaɓe ka kira ni ka sa wayar a lasifika. Da bakina zan faɗa, gaban dattawan da suka yi aiki da Baba. Kada ka ce in yi haƙuri. So nake ya ji kunyar da bai ji ba ranar nan.

Inna ta sa ni a addu'a. Ka gaida kowa, ban da shi.

Ƙanwarka,
Hadiza