Fangalin Albasa da Hannun Datti

Ubale,

Kafin ka dawo daga Bagauda na tafi. Da safe na tarar maƙwabcinmu Datti ya cinna wa sharar lambunsa wuta, ta kama ciyawar da muka lulluɓe irin albasa da ita. Fangali biyu sun ƙone ƙurmus, irin da muka yafa tun farkon sanyi. Ya ce wai ai ciyawa ce kawai. Na maka masa ƙotar fartanya, ya tare da hannu, ƙashin ya karye.

Na ɗora shi a keke, zan kai shi wajen maɗori a Kafin Maiyaƙi. Ban huce ba har yanzu.

Ka ba fangalin da ya tsira ruwa. Ka ba na Datti ma, ba shi da hannun jan jigo.

Yayanka,
Ɗanjuma