Yaron da Muka Kwantar Kusa da Ke

Zuwa ga 'yata Ladi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, ina rubuto miki da hannuna, da ɗan bokon da na koya da furfura a ajin manya na yamma.

Ɗanki Mumuni yana da rai. Ga shi can a tsakar gida yana cin tuwo da hannun hagu, ina kallonsa.

Kin bar mini shi yana rarrafe, yanzu yana sakandare a nan Salaga. Wani malaminsu, Masta Iddi, ya kafa musu ƙungiyar bidiyo: talabijin ɗaya, na'urar kaset, da tsohon janareta da ya fi ni tari. Da yake fina-finan ba da harshenmu ake yin su ba, yaro ɗaya yakan tsaya gefen talabijin yana fassara wa mutane. Aikin Mumuni ke nan. Dokarsu kuwa, mai fassara ba ya tsayawa da rigar makaranta, sai da batakari, rigar saƙin nan tamu. Shi ya sa ya ƙwace nawa, wanda kika ɗinke wa aljihu da jan zare. Ya ce, "Tsoho, kai ka gama yayinka."

Masta ya samo wani fim daga Tamale, wai har ƙasashen waje an yaba masa. Labarin wani yaro ne ɗan talaka da ya ɓuya ƙarƙashin tamfol a bayan babbar mota, ya tsere birni, ya sha wuya, ya zama mutum. Na je na gani. Na so in karanta rubutun da ke fitowa a ƙasa, kafin in haɗa kalma biyu ya wuce, sai na haƙura na saurari jikana. Mata suna share hawaye, ni kuwa ina zungurin na kusa da ni ina cewa nawa ne.

Wata makaranta a Yendi ta gayyace su, suka tafi. Suna can faɗa ya ɓarke a ƙauyukan hanya. Ba zan rubuta su wa da su wa ba. Duka ɓangarorin na sayi doyarsu, na ci abinci a gidajensu.

Sojoji ne suka kawo gawawwakin. An tare motar yaran a hanyar dawowa, an zuba mata man janaretan, an cinna wuta. Ladi, na yi wa mutane da yawa wanka a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Babu fuska. Wani ƙoƙon kansa a tsage, wani hannuwansa a dunƙule kamar har yanzu yana kare sara. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci a toshe, har na zo kan wani da guntun saƙi ya manne masa a haƙarƙari. Na ɓamɓare shi da farce. Jan zarenki ne.

Na yi masa sallah, na kwantar da shi a gefenki. Na ce miki ga amanarki nan na dawo da ita a ƙone.

Cikin masu ta'aziyya har da wata mai sayar da ƙuli-ƙuli daga Yendi, uwar Yakubu abokin Mumuni. Ta biyo motar sojoji ta zo neman nata. Ta durƙusa gabana tana ba ni haƙuri. Ta ce, "Baba, nawa ba a gan shi cikin gawa ba, ka sa mini shi a addu'a." Na sa shi.

Jiya da hantsi motar albasa daga Bawku ta tsaya a bakin zongo, unguwarmu, wani ramamme ya sauko da hannu a naɗe. Matan gidan suka watse da ihu. Kakarsa, mahaifiyarki, ta ɗebi ƙasa ta watsa masa, wai idan fatalwa ce za ta ɓace. Ya tofar da ƙasar ya ce yunwa yake ji. Na tashi in je gare shi, na faɗi. Da rarrafe na isa, ni da nake liman a masallacin unguwa, ina dariya ina kuka, hulata a cikin kwata.

Da ya ci ya ƙoshi ya ba mu labari. Gungume aka gitta musu a hanya. An sare direba a kan sitiyari. Masta Iddi ya fito hannu sama yana cewa 'yan makaranta ne, kibiya ta shiga masa ta wuya. Mumuni ya fita ta taga, wani ya kai masa adda, ya kare da hannun dama, yatsu biyu suka tafi. Ya shiga daji da gudu yana jin ihun abokansa a bayansa. Da ya ɓulla kan kwalta ya tarar da babbar mota a tsaye, sai ya yi abin da ya yi ta fassara wa mutane, ya kutsa ƙarƙashin tamfol. Ya ce a fim ɗin ba a nuna ƙishirwa ba, ba a nuna ƙudaje a kan rauni ba. A Bawku aka sauke shi a sume. Wani mahauci ya yi jinyarsa har hanya ta buɗe.

Sai na tambaye shi batakarin. Ya ce a Yendi muryarsa ta dushe, Yakubu ya karɓi fassarar, don haka ya karɓi rigar. Da safe bai cire ba, wai yana so ya shiga Salaga da ita.

To, Ladi, kin ji. Gidan nan tun jiya ake guɗa, an yanka rago, ni ma ban iya rufe bakina ba, Allah ya gani. Amma gobe zan hau mota zuwa Yendi. Akwai matar da har yanzu take fita bakin tasha duk motar da ta tsaya, kuma ni ne zan je in zauna a gabanta.

Yaron da ke gefenki ba naki ba ne, amma ki riƙe shi. Ba zan bari a tone shi ba sai uwarsa ta ce.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Yakubu da Masta Iddi da sauran yaran. Allah ya kashe wutar nan a ƙasarmu. Allah ya ba ni bakin da zan yi magana da shi gobe.

Ni ne mahaifinki,
Malam Seidu, Salaga